Alƙaluma Bakwai da Ka Gwada

Duluth, Alhamis, 21 ga Satumba

Zuwa ga Arvid, sanyin idona, hasken safiyata, mutumin da ya sa zuciyar mace mai shekara hamsin da tara ta koma bugawa kamar ta budurwa,

Ya abin ƙaunata, ya muradin raina! Kai ne ranar farko mai ɗumi bayan dogon hunturu, kai ne fitilar bakin gada da jiragen ruwa ke nema idan hazo ya rufe tafki. Ka ga yadda na fara? Ni Noreen Koskela, wadda ta shekara ashirin da shida tana sayar wa mutane katin soyayya tana yi musu dariya a ciki, yau ga ni a bayan kanta ina jera irin waɗannan kalmomi, kuma ban ga ko ɗaya da ta yi yawa ba. Tsoro ne ya kai ni ga haka. Jibi Asabar ƙanwarka Inga za ta zo daga Fargo da mota ta tafi da kai, kuma ka ce tafiyar ke nan. Kwana biyu suka rage mini, kuma jiya da na tsaya a gabanka bakina ya mutu. Shi ya sa na ɗauko takarda mafi kyau a shagon nan, wadda nake hana yara taɓawa, na zauna rubuta maka.

Kaka ta shigo unguwarmu, masoyina, ka leƙo ka gan ta kuwa? Itatuwan layin coci sun fara yin ja daga sama. Agwagin daji suna wucewa kudu da safe suna ta surutu. Darlene mai gidan burodi ta fara soya fanken tuffa, ƙamshin kirfa yana biyo bangon da ya raba mu har ya kama ambulan ɗina. Iyaye sun gama shigowa da jerin kayan makaranta a hannu suna faɗa da 'ya'yansu a kan launin jaka, yanzu sai tsofaffi masu neman kalandar baɗi tun kafin a ƙare ta bana. An riga an liƙa sanarwar rufe titi ranar Asabar don bikin unguwa. Ka san duk shekara wannan ne lokacina. Nakan buɗe ƙofa in tokare ta da kujera, in zauna da rigar sanyi ina gaisawa da duk wanda ya wuce, in ji babu wanda ya fi ni sa'a a garin nan. Bana kuwa kowane ganye da ya faɗo sai gabana ya faɗi tare da shi. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara in ɗago da sauri, in ga ba kai ba ne, in rasa me zan ce wa mai sayen gam.

Bari in faɗi laifina da bakina, tunda da bakin nan na yi shi.

Ka san kundin farar takardar nan da nake ajiyewa a kan kanta don masu gwada alƙalami. Ka san kuma wasan da muka shekara uku muna yi da shi. Ƙarfe shida in juya allon ƙofa alamar an rufe shago, kai kuma ka shigo da kofi biyu, in yage shafin ranar mu zauna muna cankar masu rubutun. Ni ce gwana, ko kuwa haka nake ɗaukar kaina. Nakan ce wannan malamar makaranta ce, dubi yadda take tsayar da layi. Wannan yarinya ce da ta rubuta sunan saurayi ta soke shi sau uku. Wannan kuwa maƙetaci ne, ya danna biro har ya huda takarda. Kai sai ka yi ta dariya kana kirana Malama mai duba, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Ranar Juma'ar nan, takwas ga wata, da rana ina ɗakin ajiya ina kwance kwalayen kalanda, na ji ƙararrawa. Na ɗaga murya na ce ina zuwa. Kafin in fito an daɗe, kuma da na fito babu kowa. Da yamma ka zo da kofi kamar kullum, na yage shafin, sai na ga layi bakwai a gefe guda, kowane layi da alƙalami daban, kalmomi iri ɗaya: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Kowane layi yakan fara da ɗan girma, sai ya yi ta ƙanƙancewa yana matsewa har ya koma abin da ba ya karantuwa. Ina jin muryata har yanzu, Arvid, da duk annashuwar da ke cikinta.

"Zo ka ga wannan bawan Allah," na ce maka. "Alƙaluma bakwai ya gwada mini, ko ɗaya bai saya ba. Shi a ganinsa laifin alƙalami ne! Dubi yadda yake farawa kamar mutum, ya ƙare kamar tururuwa ta faɗa tawada. Wannan ya ba tamanin baya, na rantse. Baba, hannu ya tafi, sai haƙuri. In yana da 'ya'ya gara su karɓe makullin motarsa tun bai hau kan wani ba."

Ka duba takardar, ka daɗe kana dubanta. Sai ka yi ɗan murmushi ka ce, "Malama mai duba, ai ba ki taɓa kuskure ba." Ka shanye kofinka, ka sumbaci goshina, ka ce kana jin alamar mura, ka tafi.

Wayyo ni! Da me na yi kama a idonka a wannan lokaci? Ina idon nan nawa da nake taƙama da shi? Na ga kofin a hannunka na hagu, na gani da idona, kuma ban tambayi kaina komai ba. Na share kanta, na kashe fitila, na tafi gida ina jin daɗin wayona.

Kwana goma sha ɗaya ba ka zo ba. Na buga maka waya sau biyu ka ce mura ce, kada in zo in ɗauka. Na ajiye maka miyar kaza a bakin ƙofa, na tarar da tukunyar an wanke an ajiye mini a bakin shago. A raina na ce fushi kake yi saboda maganar aure da na yi ta ja maka rai, na ce bari in bar shi ya huce, ai gemu ya yi fari, ba yaro ba ne. Shekaranjiya Talata Darlene ta faɗo mini shago da gari har gwiwar hannu.

"Ke 'yar Koskela, kina nan kina jera fensir?" ta ce. "Mutuminki fa ya fitar da tebur bakin garejinsa. Burusai, gwangwanayen fenti, har sandar nan da yake dafa hannu a kai in yana rubutu, duk ya baje, wai kowa ya ɗauka. Na ce masa, Arvid, allon fankena na ranar Asabar fa? Ya ce in sa a buga mini a kwamfuta. A kwamfuta, Noreen! Mutumin da ya ƙi gaishe ni mako guda don na liƙa bugaggiyar takarda a taga!"

Na ce mata ban san komai ba.

"To ki sani. Ko faɗa kuka yi? Don bakin nan naki ya fi almakashin da kike sayarwa kaifi. Ni dai na faɗa miki, fanke na kan wuta."

Ta fita ta bar ni. Shekara arba'in kana rubuta allunan shagunan garin nan da hannu. Me zai sa mutum irinka ya raba burusansa? Ban san abin da ya kai ni ba, kewar ka ce ko wani abu da zuciyata ta riga ni sani, na shiga ɗakin ajiya na sauko da kwalayen takalman da nake tara tsofaffin shafukan gwaji. Ka sha yi mini tsiya a kansu, ka ce wata rana gobara za ta gode mini. Na zauna a kan kwalin kalanda na shiga neman rubutunka. Ba wuya gano shi, don kullum ka shigo sai ka ɗauki alƙalami ka cika mini rabin shafi da kalma ɗaya, manyan baƙaƙe masu tsayuwa da ƙafarsu, ka ja wata doguwar jela a ƙarƙashin kalmar irin ta masu rubutun allo.

Na jera su a ƙasa wata-wata. Na Janairu rabin shafi. Na Maris bai kai ba. Na Mayu kamar faɗin tafin hannu, jelar tana ɗan rawa a ƙarshe. Daga Yuni babu, sai na tuna ka ce mini ka daina don kana cinye wa masu saye wuri, ni kuma na ce ai gara, takarda ba kyauta ake ba ni ba. Sannan na ɗauko shafin ranar Juma'a na kai shi bakin taga. A ƙarƙashin layi na bakwai, ƙarƙashin Alhamis ɗin da ba ta karantuwa, ga jelar nan, 'yar mitsitsiya kamar gashin ido.

Ya hasken rayuwata! Ashe ka zo ne a ɓoye kana neman alƙalami ɗaya a duk shagona da zai yi maka biyayya. Ka gwada mai kauri, ka gwada mai santsi, ka gwada mai tsadar nan na cikin gilashi, duk suka ƙi. Ka koma gida, ka tattaro ƙarfin hali, ka sayi kofi biyu, ka dawo wurin macen da kake so, wataƙila ma da niyyar ka faɗa mata a ranar. Ita kuwa ta ɗaga takardar sama ta yi maka shelar abin da kake tsoro, tana dariya. Na zauna a ƙasan nan ban san tsawon lokacin ba. Wata mata ta shigo neman katin ta'aziyya ta tarar da ni a haka, ta juya ta fita a hankali.

Jiya da hantsi na rufe shago na zo. Kana zaune a kujerar roba bakin gareji da hular nan taka mai tabon fenti, hannunka na dama a cikin aljihu. Ka rame, Arvid. Inga ta san ba ka cin abinci? Na tsaya a gaban teburin ina kallon burusan da na san kowannensu, na kasa ɗaga ido. Kai ka fara magana.

"Kin gano, ko?" ka ce. "Na san za ki gano. Likita sai da ya yi wata biyu yana aika ni gwaje-gwaje kafin ya ce Parkinson ne, ciwon rawar jiki. Ke kuwa kallo ɗaya. Da na sani da wurinki na fara zuwa."

Na ce, "Arvid, ban san kai ba ne."

"Na sani, Noreen. Shi ya sa na yarda da maganar. Da kin san ni ne da kin yi mini ƙarya." Sai ka gyara hula da hannun hagu ka ce, "Kin ce 'ya'yansa su karɓi makulli. To ni ba ni da 'ya'ya, Inga gare ni. Asabar za ta zo. Tana da ɗaki a ƙasa, ba hawa bene."

Me na ce maka? Ni mai bakin da ba ya rasa amsa, ni da nake mayar wa direban kaya magana tun kafin ya rufe baki? Na ce, "Iska ta fara sanyi, ka sa rigar ulu." Abin da na ce ke nan. Na juya na taho. Na bi titinmu ina karanta ka daga farko har ƙarshe: allon mai aski rubutunka, na Darlene rubutunka, na mai gyaran keke, na kantin magani, lambar ƙofar coci, har sunana a kan gilashin shagona. Idan ka tafi, ina zan sa idona a unguwar nan? Ta wace hanya zan bi in zo aiki?

Ka tuna ranar da ka rubuta sunan nan? Irin wannan lokaci ne, shekara uku da suka wuce, ganye ya fara ja. A lokacin kai ba kowa ba ne a wurina sai mai fenti mai tsadar aiki da rashin magana. Ka ce da fallen zinariya za ka yi shi, daga cikin gilashi, don haka sai ka rubuta shi a juye. Ka kore ni waje in tsaya a bakin titi in gaya maka ko ya miƙe. Na tsaya ina kallon sunana yana fitowa daga ƙarshe zuwa farko, hannunka yana tafiya a natse kamar jirgin ruwa mai shiga tasha, ba gaggawa, ba tsayawa. Da ka zo ɗora zinariyar, na shigo na ga kana goga wani faffaɗan burushi a kumatunka kafin ka ɗauki kowane falle, wanda ya fi fatar albasa sirantaka. Na tambaye ka ko tsafi ne. Ka ce a'a, ɗan maiƙon fuska ne ke sa zinariya ta kama gashin burushi. Sai ka dube ni ka ce, "Tawa fuskar ta bushe, ara mini taki." Ka goga shi a kumatuna sau ɗaya, a hankali, ka koma aikinka kamar ba ka yi komai ba. Ni kuwa na tsaya riƙe da rula ban san me na zo yi da ita ba. Ranar na ba wata mata ambulan ɗin biki a maimakon na ofis, ta dawo tana faɗa, ina ta murmushi kamar wawiya.

Daga ranar ka zama mini ruwan sama a kan busasshiyar gona. Sau biyu ka nemi aurena. Na farko a bakin tafki, muna jefa wa tsuntsaye gutsuren burodi, na ce ka bari a wuce hidimar komawa makaranta. Na biyu a wannan kantar, na ce ka bari a wuce Kirsimeti. Ba ka matsa ba, don ka san dalilin da ban faɗa ba. Ka san na shekara huɗu ina jinyar marigayi mijina Russell. Ka san na koyi ɗaga namiji daga gado, na koyi niƙa magani a cikin cokali, na san kowace kujera a asibitin nan da wadda ƙafarta ke rawa. Kuma na tuna sarai ranar da na ce maka, muna tafiya a gefen ruwa, "Ni kam na gama. Ko da wa, ba zan sake zama a kujerar asibiti ba." Ka ce, "Kin yi naki, Noreen." Ashe ka adana maganar. Ashe ita ce ka ɗauko yanzu ka naɗe kayanka da ita. Na san ka, ba dariyar da na yi ce kaɗai ke kai ka Fargo ba. So kake ka cika mini alkawarin da na yi wa kaina.

To ka saurara, ya sanyin zuciyata, ba zan yi maka ƙarya ba, tunda ka ce gaskiyata ka yarda da ita. Ina tsoro. Ina tsoron ciwon nan, na karanta abin da zan iya karantawa a kansa jiya har na rufe littafin na tura shi ƙarƙashin kanta. Ina tsoron ranar da maɓallin riga zai gagare ka, in miƙa hannu ka ture shi. Ina tsoron ranar da fuskarka za ta daina nuna mini abin da ke ranka. Ina tsoron gajiyata, don na san yadda nake in na gaji, na san maganganun da na faɗa wa Russell a shekara ta huɗu waɗanda har yau nake roƙon Allah gafara a kansu. Ina tsoron bakina fiye da komai. Ba zan ce maka na zama wata mace dabam cikin kwana biyu ba.

Amma tun jiya nake ɗora tsoro a kan tsoro ina aunawa, kuma akwai wanda ya rinjayi sauran gaba ɗaya. Shi ne ƙarfe shida na yamma. In juya allon ƙofa, in yage shafi, in ɗago in ga babu mai shigowa, yau da gobe da jibi har ƙarshen abin da ya rage mini. In san kana can a ɗakin ƙasa a gidan Inga, a garin da babu allo ko ɗaya da ya san hannunka, kana kallon bango, hannunka yana rawa babu mai riƙe shi. Inga mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata, amma ta san ba ka shan kofi sai ya huce? Ta san in ka yi shiru kana taɓa hula, magana ce ke cinka? Kujerar asibiti na san ta, na zauna a kanta na tashi da raina. Wannan ɗayan kuwa ban san yadda ake tashi daga gare shi ba. Kwana goma sha ɗaya kawai na ɗanɗana, kuma dubi yadda na koma, ina rubuta wa namiji cewa shi fitilar gada ne.

Kada ka ce tausayi ne. Na roƙe ka da girman Allah kada ka ce haka! Ka taɓa ganin na ji tausayin wani har na rufe shago da hantsi? Mai tausayi miya yake kaiwa ya dawo gida ya yi barcinsa. Ni son kai ne ya kawo ni. Kai nake so, a nan, a titin nan, da hannun da ke aiki da wanda ya ƙi. Likitan da kansa ai bai ce gobe ba ne, ko ya ce? Akwai magani, akwai shekaru, wataƙila masu yawa. Wa ya ba ka izinin ka ɗauke su duka ka kai Fargo ba ka tambaye ni ba? Maganar da na yi a bakin ruwa tawa ce, ni na yi ta, ni kuma nake janye ta yau. Ba ka da ikon riƙe mini ita.

Ban ce ka koma rubuta allo ba. In hannu ya ƙi, ya ƙi. Ka raba burusan in kana so, ko da yake faffaɗan nan na zinariya na riga na aiki Darlene ta ɗauko mini shi, kuma ba zan mayar ba. Ka zo ka zauna a kujerar bakin ƙofa ka yi ta kushe allunan kwamfuta, ka gaya wa masu wucewa cewa baƙaƙensu sun karkace. Ranar Asabar za a rufe titi, za a fito da tebura, mai aski zai gasa masararsa ya ƙona rabi kamar kowace shekara, 'yan coci za su kawo tukwanen dankali da nama iri goma sha biyu masu ɗanɗano ɗaya. Ina so motar Inga ta zo ta tarar an tare hanya, ta sauka ta ci fanke, ta rungume ka, ta koma ita kaɗai. In kuwa ka ce lallai sai Fargo, to ka gaya mata ta bar wuri a kujerar baya, don can ma ana sayen ambulan. Amma ina roƙonka kada ka sa ni yin haka, ka san ba na son garin da babu tafki.

Yau da safe kafin in buɗe shago na je ofishin gunduma. Na tsaya a layi bayan wasu yara biyu da ba su fi shekara ashirin ba suna riƙe da hannun juna, na karɓi takardar neman izinin aure. Matar da ke wurin ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ta 'yarki ce, Mama?" Na ce mata tawa ce, kuma ta yi sauri don na riga na makara shekara biyu. Ta ce sai mu biyu mun sa hannu, kuma gobe Juma'a ƙarfe huɗu da rabi suke tashi. Ga ta nan na naɗe a cikin wasiƙar nan. Na cike duk abin da na sani, na sa hannu a nawa gefen. Sau biyu ka tambaye ni na ce ka jira. Yanzu ni ke tambaya, kuma ni ba ni da haƙurinka, ba zan iya jira ya wuce gobe ba. Zan kawo wasiƙar da kaina in tura ta ƙarƙashin ƙofarka in gudu, don in na tsaya zan sake yi maka maganar rigar ulu. Gobe tun ƙarfe tara ina shago, motata tana bakin ƙofa.

Ka duba ƙasan takardar, gefen dama. Wurin da suka bar maka ka sa hannu ɗan ƙarami ne, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Rubutunka na dā ba zai taɓa shiga ciki ba, da sai ka haye musu rabin takarda. Na yanzu kuwa zai shiga har da saura. Ka ji bakin nan nawa kuma, ko? Na sani. Amma wannan karon na san hannun da nake magana a kai, kuma shi nake nema.

Taka, ko ka zo ko ba ka zo ba, a rawar hannu da natsuwarsa, daga wannan kaka har zuwa ta ƙarshe da Allah zai nuna mini,

Noreen